Suma'ila Daktilo da Tagar 'Yar Fari

A Zangon Damagaram, in ka wuce layin masu goro ka karkata wajen masu gyaran kabu-kabu, akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa wadda fenti ya daɗe da yi wa sallama. Nan Suma'ila Daktilo yake wuni. Kada ka tsaya tambayar Malam Suma'ila, don Suma'ilan Zango sun kusa fin awakinta yawa. Ka ce Daktilo kawai, ko mai tuyar ƙosai za ta nuna maka da leɓe.

Laƙabin ya samo shi tun yana da gashi a ka, lokacin da yake zama gindin wata darbejiya a bakin ofishin magajin gari, da keken rubutu a cinya. Mutanen Gaffati da na ƙauyukan Mirriya su zo su tsuguna, su faɗi kukansu da Hausa, shi kuma ya zuba shi da Faransanci, har in aka karanta wa mai kukan sai ya fara tausayin kansa. Da ordinata, wato kwamfuta, ta shigo gari abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma sayar da gawayi, wani ya koma zagin zamani a majalisa. Shi kuwa da furfurarsa ya je ya zauna cikin 'yan lakwal, yaran boko, a siber, shagon da ake hayar intanet, suna dariyar yadda yake dukan maɓallai kamar mai sussuka, har ya iya. Bai tsaya nan ba sai da ya koyi gina shafi a intanet. Dukawan unguwar Birni da fataken Kano da ke Zango suka riƙa zuwa yana yi musu shafuka, a sa jaka da takalmi da atamfa, duniya ta gani.

Ya kuma yi nasa na kansa, wanda ba ya sayar da komai. Kowace Juma'a in an sauko, sai ya ɗauki hoto ɗaya na gari ya ɗora: duwatsun Birni, layin bidon, jarkokin ruwa, a pampo, hadarin farkon damina. Hotunan duka, nasa da na fataken, suna ajiye a rumbunsa na intanet, ƙofar rumbun kuwa a wangame. Wurin da ake rubuta shafukan da aka yarda su ɗiba, tauraro ɗaya ya sa, ɗan ƙaramin nan na kan maɓalli, ma'anarsa kowa da kowa. Duk shafin da ya miƙo hannu daga ko'ina a duniya, a ba shi.

Mutumin nan babu sunan da yatsunsa ba su buga ba a Damagaram, na mai ƙara da na wanda ake ƙara, na matattu da na jarirai. Ɗaya ne bai taɓa bugawa ba, bai kuma taɓa furtawa ba: na 'yarsa. Kunya biyu ce ta haɗu a kan yarinyar. Ga ta 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyarsa aka mayar mata, Barira. A gida Lami ake ce mata, don ranar Alhamis ta zo, amma shi ko Lamin ma ta yi masa nauyi a baki. "Waccan" yake cewa. Ranar da za a yi mata takardar haihuwa, shi da yake buga ta 'ya'yan kowa, wurin abokin hamayyarsa na ɗaya bishiyar ya tura, ya tafi sayen goron da ba ya buƙata har aka gama.

Uwar yarinyar ta rasu tana tatata. Yayarsa Shatu ta zo daga Mirriya ta goya ta, ta tafi da ita riƙo. Suma'ila ya sake aure har sau biyu, duka matan suka tattara kwanukansu, suka ce ba za su iya da mijin da ya fi hira da ƙarfe ba. Ranar kasuwar Mirriya kuwa ba ta wuce shi. Ya shiga gidan Shatu ya ajiye takalmi sabo, yana kallon rumbu, ya ce, "Yaya, ga wannan, ko akwai wanda zai yi wa daidai a gidan nan." Gidan da yarinya ɗaya ce tal a cikinsa.

Da Lami ta shiga makarantar lise a Damagaram, sai ta riƙa biyowa shagon in an tashi, ta share ta zauna a lungu. Bai taɓa koya mata komai ba, Allah shaida. Taubashinsa Ɗan'azumi yake koya wa, wani siririn mai goro na ƙofar shago wanda bai san bambancin allon ordinata da faranti ba.

"Ɗan'azumi, duba nan," in ji shi da ƙarfi. "In kana son hoton wani shafi ya fito a naka, ba sai ka kwafo shi ba. Taga za ka buɗe, ka rubuta inda hoton yake ajiye. Duk sa'ad da aka buɗe shafinka, shi zai tafi can ya roƙo. In mai rumbun ya sa wani hoton a gurbin, sabon za ka gani."

"Ni da ban iya rubuta sunana da boko ba? Ɗan gwaggo, in ƙaunata ce ta kama ka haka, saya min shayi."

Tsintsiya kuwa ta tsaya cak a lungu, har sai an gama darasin.

Wani ɗan kasuwar Kano mai kawo atamfa, Mai Nasara, ya gan ta, ta gan shi, aka yi biki, aka kai ta Kano. Can ta kama sana'ar da Shatu ta koya mata, turaren wuta da humra, ta gina wa kayanta shafi da hannunta. Da Mai Nasara ya dawo da kaya, sai ya shigo ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya miƙa masa salula don ya yi alfahari da matarsa. Suma'ila ya kalla kallo ɗaya, irin wanda ake wa rana. A saman shafin, sama da kwalabe, akwai taga an rubuta mata "Gida", a cikinta kuma hoton da ya ɗauka Juma'ar da ta wuce.

"To, madalla," ya ce. "Yaya hanya? Masu duwan na kan iyaka ba su wahal da ku ba?"

Mai Nasara na fita, Suma'ila ya buɗe cikin shafin ya duba yadda aka ɗinka shi. Ba kwafa ta yi ba. Taga ta buɗe zuwa rumbunsa, daidai yadda aka koya wa Ɗan'azumi. Ya zauna ya kasa shan shayinsa har ya huce.

Daga nan hotunan Juma'a suka canja, har mutane suka fara cewa Daktilo ya tsufa. Wa zai bar duwatsun Birni ya ɗauki tsohon turmi? Turmin uwarta ne. Sai tsamiyar ƙofar gidan Shatu, sai zabbi suna tsallake hanya, sai wata katanga da ta zube wadda ba wanda ya san darajarta in ba wanda ya yi wasan ɓuya a bayanta ba. Ita kuma a Kano takan canja ɗan layin da ke ƙasan tagar. "An yi ruwa a gida." "Tsamiya ta yi 'ya'ya." "Wayyo, katangarmu." Shi ya karanta, ya yi gyaran murya, ya zagi Ɗan'azumi ba laifin komai. Shekaru suna haka. Bai ce ya sani ba, ba ta ce tana ɗauka ba. Ƙofa a buɗe take ga kowa, ita ma cikin kowa ta shigo, ba wanda ya kira sunan wani. A duk rayuwarsu ba su taɓa hira mai tsawon wannan ba.

Sai ga wasu marasa tsoron Allah daga wata ƙasa, wai masu tara taimako ne saboda yunwa. Suka buɗe tasu tagar zuwa rumbun Suma'ila. Hoton Ɗan'azumi yana barcin rana a kan benci, baki a buɗe, suka rubuta a ƙasa wai dattijo ne yunwa ta kayar. Mutumin da yake tashi da kwanon tuwo uku! Zango ta yi dariya har da riƙe ciki, aka riƙa zuwa yi masa jaje ana ajiye masa ƙanzo. Amma dariyar ta tsaya ranar da aka ga hoton matan unguwa a layin pampo, an ce zawarawa ne da marayu. Mazajen da aka kashe da ransu suka kai ƙara wurin mai unguwa.

Suma'ila ya toshe shafin ɓarayin, suka ɓullo da wani suna. Ya toshe wannan, suka sake ɓullowa. Hanya ɗaya ta rage: a cire tauraron nan, a sa wa rumbun mai gadi, duk shafin da ya zo ɗiba a tambaye shi daga ina, in ba a rubuta sunansa ba a kore shi. A gaban mai unguwa Suma'ila ya rantse tauraro ya tafi ke nan har abada.

Ranar da za a yi aikin shagon ya cika. Fatake da dukawa kowa ya matso ya faɗi sunan shafinsa kada a rufe da shi a waje, Suma'ila yana bugawa, rap, rap, rap. Da aka gama sai ya ɗora hannu zai rufe.

"Ban ji na Kano ba," in ji Ɗan'azumi daga bakin ƙofa, yana ɓare goro.

"Fataken Kano duk ga su nan."

"Ba su nake nufi ba, ka sani. Mai turare."

Wani a cikin shagon ya fara murmushi. Kowa ya san sunan shafin. Ba Lami ta sa masa ba. Sunanta na yanka ta sa, ɓaro-ɓaro, Barira 'yar Zango.

"Su can suna da nasu masu ilimin," in ji Suma'ila, ya danna ya rufe.

A ransa cewa ya yi in mutane sun watse zai sa. Mutane suka watse. Ya zauna shi kaɗai da allon, sai ya tarar ashe ba idon mutane ne matsalar ba. Da tauraro, bai ba ta komai ba, tsinta ta yi a hanya. Yanzu kuwa in ya rubuta, ya ce ke nan da hannunsa: na san kina kallo, don ke nake ɗauka, ga sunanki na kira. Ya ɗora yatsa a kan harafin farko, ya ga fuskar tsohuwarsa, ya ga yarinya a lungu da tsintsiya. Ya janye hannun kamar ya taɓa murhu. Gobe, in ji shi.

Namiji in ya ce gobe a kan abin da ke cikin zuciyarsa, ki shimfiɗa tabarma ki kwanta, da sauran jira.

Kowace safiya kafin ya taɓa aikin kowa sai ya buɗe shafinta. Tagar tana nan, fara fat, da 'yar alamar hoton da ya ƙi zuwa a kusurwa. Makon farko layin ƙasa bai canja ba. Sannan ta rubuta, "Ko wutar kuran aka ɗauke a gida?" Ya yi dariya shi kaɗai. Aka kwana biyu ta rubuta, "Allah ya sa lafiya." Ranar ya kai har harafi na biyu, sai wani baduku ya yi sallama, ya goge da sauri kamar wanda aka kama yana leƙen bayan gida. Bai daina ɗaukar hoto ba kuwa. Juma'a bayan Juma'a yana ɗorawa, gero ya yi kai, gyaɗa ta fito kasuwa, duk suna tsaye a bayan ƙofar da shi ya rufe. Daga baya layin ƙasan ma ya ɓace. Kallon farar tagar ya gagare shi, ya daina buɗe shafin.

Ana cikin kaka sai ga Shatu ta sauko daga motar Mirriya, da sandarta da ƙullin kayanta. Ba ta amsa sannu da zuwa ba.

"Kai, me ka yi wa 'yata?"

"Yaya, zauna mana, a kawo ruwa."

"Na sha a gidanmu. Yarinya ta bugo min tana tambaya ko ta yi maka laifi. Na ce wane laifi, mutumin da ko tari ba ya yi a gabanki? Ta ce ka rufe mata taga. Na ce ke, shagon ubanki ƙofa ɗaya gare shi, ina ya samu taga? Sai kuka. Yanzu ka yi min bayani da Hausa."

Ya yi mata bayani yana kallon ƙasa, tun daga ɓarayi har zuwa tauraro. Shatu ta saurara tana taunar goro da haƙoranta biyun da suka rage.

"Wato mai gadi ka ɗauka, ka ba shi sunan kowane baduku a Birni, ka hana shi na 'yarka."

"Yaya, ke ma kin san sunan wa ke gare ta."

"Uwata ce ni ma, ba kai kaɗai ta haifa ba! Ni kunyar da na sani ta baki ce. Ta yatsa kuma yaushe aka fito da ita? Ko a siber aka koya maka?"

Ta dube shi, tsoho mai sanƙo ya sunkuyar da kai kamar yaron da ya fasa tulu, sai muryarta ta sauko.

"Matsa. Ni zan rubuta. Nuna min inda zan taɓa."

Haka aka yi. Shi yana nuna maɓalli da tsinken shara, fuskarsa a juye wajen bango, ita tana dannawa da yatsanta mai lalle kamar mai kashe kuɗin cizo. Ta danna ɗaya ya fito sau biyar, aka goge. Ɗan'azumi ya leƙo, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga idon taubashinsa, ya koma kan goronsa. Da ƙyar aka kai ƙarshen sunan. Suma'ila ya adana.

"To, buɗe mu ga tagar."

Ya buɗe shafinta. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya sake dubawa. Babu taga. Inda take a da, hoton kaskon turare ne da kwalaben humra a jere, an gyara wurin tsaf, ko alamar an taɓa yin wani abu a nan babu.

"Ina take?" in ji Shatu.

"Ta toshe."

Shatu ba ta tsaya wata-wata ba. Ta kwance bakin zane ta ciro salularta, ta miƙa wa Ɗan'azumi ya nemo lambar da ke da hoton fure, tana fara ƙara ta manna ta a kunnen ƙanenta.

"Gwaggo?" in ji muryar daga Kano.

Ya yi gyaran murya. Can muryar ta ƙanƙance.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Yaya gida? Yaya mai gidan? Yaya kasuwa?"

"Lafiya lau, Baba. Yaya Damagaram?"

"Sai godiya. Yaya mai gidan?"

Shatu ta zungure shi da sanda. Ya buɗe baki, amma Lami ta riga shi.

"Baba, dama ina so in roƙi gafara. Hotunanka da na riƙa ɗauka ban tambaya ba. Na zaci ba ka sani ba. Mai gida ya gaya min abin da ɓarayi suka jawo maka har gaban mai unguwa, ya ce ka bar wa waɗanda ka yarda da su. Na gane. Ni ma ɗauka na yi ba izini, ban da bambanci da su. Na cire, ba zan ƙara ba. Ka yafe min."

Maganar duk tana nan a ƙirjinsa, a shirye, kamar takardar da aka gama bugawa: turmin, da tsamiyar, da sunan da bai bushe ba a kan allo. Mutumin da ya shekara talatin yana samo wa mutane kalmomin da suka rasa. Ya laluba, ya laluba, bakinsa ya ɗauko abin da ya saba ɗaukowa in ƙarami ya ba babba haƙuri.

"Ba komai," ya ce. "Allah ya kiyaye gaba."

"Amin, Baba. Na gode."

Shatu ta fizge salular. "Ke Lami, kada ki ji ta wannan sakaran! Don ke yake ɗaukar hotunan nan tun farko. Yanzun nan muka rubuta sunanki, da yatsana, ga shi ina kallo ko da yake ban iya karantawa ba."

Lami ta yi 'yar dariya, irin wadda ake yi da hanci a toshe. "Gwaggo, tun ina ƙarama kike min irin wannan maganar don ki faranta min. Na girma yanzu. Ki bar shi, ya yafe min, ya isa."

"Tsaya ki ji daga bakinsa!" Ta miƙa masa salular, har tana taɓa gemunsa. "Ungo. Faɗa mata. Ba suna na ce ka kira ba, cewa kawai za ka yi gaskiya ne."

Suma'ila ya dubi salular. Yana jin numfashin 'yarsa a ciki, tana jira. Idonsa ya kawo ruwa, leɓensa ya motsa.

"Ki ce ta gaida mai gidan," ya ce.

Shatu ta kashe wayar da kanta. Ba ta zage shi ba, abin da duk Zango ba a taɓa gani ba. Ta ɗaure salular a bakin zane, ta dafa sanda ta miƙe.

"Raka ni tasha."

Ya ɗauki ƙullin kayanta suka bi ta layin masu goro. Motar Mirriya saura mutum ɗaya ta cika. Ya taimaka mata ta hau, ya miƙa mata kayan, ya tsaya riƙe da ƙarfen taga har direba ya tayar.

"Yaya, in ta sake bugowa..."

"In ta bugo me?"

Motar ta fara motsi. Ya bi ta taku kaɗan, sannan ya saki ƙarfen.

"Ba komai. Ki sauka lafiya."